Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Jinjina ga Matan Man Kaɗanya na Ƙasar Yauri

Yabon gwani ya zama dole. Gwanayen da nake so a miƙe tsaye a jinjina wa a yau ba su da ofis, ba su da takardar yabo rataye a bango, da yawansu ma ba su taɓa zama a aji ba. Su ne iyayenmu mata na ƙasar Yauri, tun daga ƙauyukan Shanga har Bin Yauri da Wara da Libata a Ngaski, waɗanda duk damina suke ɗaukar ƙwarya da sanyin asuba su shiga daji tsintar 'ya'yan kaɗanya, raɓa na jiƙa musu zane, ga fargabar maciji a ƙarƙashin kowane ganye. Daga wannan tsintuwa man kaɗanya ke fitowa. Da shi ake shafe jariri bayan wanka, da shi ake lallashin kaushi da faso idan hunturu ya tsananta, da shi ake gyaran gashi, da shi kuma ake miya a gidaje da dama. Kuɗinsa ya biya zubin adashi, ya sayi littafin makaranta, ya haɗa kayan ɗakin 'ya'ya mata da ba su ƙirguwa. Allah ya saka musu da alheri, ya ƙara albarka a hannuwansu.

Wanda bai taɓa tsayawa ya ga aikin ba, ba zai san nauyinsa ba. Kaɗanya ba a kaɗo ta, sai ta nuna ta faɗo don kanta. A sha naman, a tara ƙwallon, a dafa shi, a shanya a tsakiyar damina, ido na sama, ana kwashewa duk sa'ad da hadari ya taso. In ya bushe a fasa ɓawon, a daka ƙwarar, a soya, a niƙa har ta zama baƙin ƙulli mai kauri. Sannan a durƙusa a gaban baho, ana zuba ruwa kaɗan-kaɗan ana bugawa da hannu har kafaɗa ta ƙage, har farin kumfa ya taso. A kwashe kumfan, a wanke shi ruwa bayan ruwa, a juye a tukunya a ɗora a wuta.

A wannan gaɓa ta ƙarshe gwaninta take. Man da ke kan wuta yakan yi ta ƙara yana fantsama, kuma duk tsohuwar da ta san aikin za ta ce wa 'yarta: "Kar ki sauke shi, bar shi sai ya yi shiru." Ƙarar nan ruwa ne yake fita, shirun kuma shaida ce cewa ya ƙare. Man da aka sauke da gaggawa yana sauran kuka ba ya daɗewa sai warinsa ya sauya. Wanda aka bari ya yi shiru, aka tace shi aka rufe a inuwa, yakan kai wata damina lafiya lau. Baktiriya da fumfuna halittu ne, kuma kamar kowace halitta sai da ruwa suke hayayyafa. Matar da ta kori ruwa daga manta ta rufe musu ƙofa, ba ta sayi sinadarin ko sisin kobo ba.

Abin da kunnen iyayenmu ke aunawa shi ne duniya ta zo ta rubuta da lamba. A 2017 hukumar Codex, wadda FAO da WHO suka kafa, ta fitar da ƙa'idar man kaɗanya irin na gargajiya wanda masana'anta ba ta tace ba. Mai daraja ta ɗaya, ruwan cikinsa kada ya wuce kashi 0.05 cikin 100, wato rabin giram a kilo guda. Mai bi masa kada ya wuce kashi 0.2. Ko dafa ƙwallon da ake yi da wuri bayan tsinta yana da hujjarsa: zafin yana hana shi tsiro, yana kuma kashe wani sinadari na cikin ƙwarar da ke farfasa mai ya sa shi tsami.

Ilimin ba na jiya ba ne. A Kirikongo da ke Burkina Faso, masu binciken kufai sun tono ɓawon ƙwallon kaɗanya da ya nuna ana sarrafa shi tun wajen shekara ta 100 Miladiyya. Mungo Park, Baturen nan ɗan Sikotlan, ya ga yadda ake yin man a ƙasar Bambara a 1796, kuma cikin abin da ya burge shi har ya rubuta akwai yadda yake shekara bai lalace ba alhali ba a sa masa gishiri ba, a zamanin da man shanun Turai sai da gishiri yake ajiyuwa. Shi ne mutumin da a tafiyarsa ta biyu ya gangaro kogin Kwara a jirgin ruwa, ya yada zango a Yauri, ya halaka a Busa a 1806, tsohuwar Busan da tafkin Kainji ya haɗiye a 1968. Masana tsirrai sun daɗe suna laƙaba wa bishiyar sunansa. Matan da ya gani a bakin murhu kuwa, babu wadda aka rubuta sunanta. Bashin yabo ne da har yau ba a gama biya ba.

Ba abin mamaki ba ne mutanen bakin ruwa su fi kowa sanin halin ruwa. Sarkawa da Gungawa sun san kifin da aka kama da safe, in bai hau banda ko ya sha rana ba, da yamma ya zama na ƙuda. Manomin albasa ya san jiƙaƙƙiya guda ɗaya kan ruɓar da rumbu. Sabulun salo yana tsare kansa da kaifin ruwan toka. Zuma tana shekaru a tulu saboda ruwan cikinta bai cika kai kashi 20 cikin 100 ba. Lalle da kurkur kuwa garinsu ake ajiyewa, sai ranar ƙunshi ko gyaran jiki a kwaɓa daidai na ranar. Shanya da hayaƙi da toka da gishiri, su ne masu hana kayanmu lalacewa tun kafin a ƙera kwalba.

Jinjina ta biyu ta 'ya'yansu da jikokinsu ce, matasan matan Yelwa da Wara da sauran garuruwa, waɗanda ba su ji kunyar sana'ar kakanni ba. Sun fitar da man daga ƙwarya zuwa kwalba mai murfi, sun buga shi ya yi laushi, sun gauraya shi da man riɗi da na kwakwa da na darbejiya, sun sa masa ƙamshi da suna, suna tallarsa a WhatsApp da Facebook, direbobin tasha na kai shi Birnin Kebbi da Sakkwato da Kwantagora. Sun yi haka a lokacin da kasuwa ta cika da mayukan bilicin masu zaiba da haidurokwinon da sitiroyid, har a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Yarinyar da ta ce wa ƙawarta, "Fatarki ba ta da laifi, gyara kawai take so," ta rage wa asibiti aiki. Sun kuma fahimci inda riba take tun da wuri. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwallon kaɗanya, amma mai sarrafawa ne ke kwashe romon. A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon waje na wata shida domin a riƙa sarrafa shi a gida. Farashinsa ya faɗi, masu tsinta suka ji a jikinsu, aka ƙara gane cewa mai iya mayar da shi mai ce ke da madafa. Waɗannan yara tun kafin dokar suke yi, da ɗan jarin adashi.

To, in kana da kyau ka ƙara da wanka. Abokan cinikin zamani ba sa son mai mai nauyi, loshan suke nema mai santsi wanda fata ke shanyewa nan take. Loshan kuwa ba ya yiwuwa sai da ruwa, sau da yawa ma fiye da rabinsa ruwa ne. Daga nan aka shiga zuba ruwan alobera da na shinkafa da na zoɓo, da madara da zuma da lemun tsami, da markaɗaɗɗen karas da ɗanyen kurkur. Wato ruwan da kaka ta tsaya a kan wuta ta kora, jika ta dawo da shi da hannunta, har da guzurin abinci. Sannan a miƙa wa mai saye ana alfahari: "Hajiya, wannan oganik ne zalla, babu kemikal ko ɗigo." Niyyar mai kyau ce, sai dai babu ruwan ƙwayar cuta da niyya.

Lissafin ba shi da wuya. Idan baktiriya ta sami ruwa da abinci da ɗumi, tana iya rabuwa biyu duk minti 20. Ƙwaya ɗaya tak cikin awa 7 ta haura miliyan 2. Ɗumin kuwa muna da shi har ya yi yawa: a watannin Maris da Afrilu zafin Yelwa kan kai ma'auni 40, damina ta biyo baya da laimar bakin tafki. Ga yatsan da ake tsomawa a kwalba safe da yamma, wani lokaci da jiƙaƙƙen hannu an fito wanka. Firij ba abin dogaro ba ne, duk da muna zaune a gefen tafkin da ke ba ƙasa wuta, kuma ko da wutar, sanyi jinkirta su yake yi kawai.

Na ga irin wannan a gidanmu. Wata ƙanwata ta sayi haɗin gyaran jiki ana saura wata guda bikinta, a hannun wata baiwar Allah mai tsafta da riƙon amana. Mako biyu bai cika ba ruwa ya raba gari da mai, baƙaƙen ɗigo suka fito a ƙarƙashin murfi. Da muka mayar, matar ta rasa inda za ta sa kanta: "Wallahi, Yaya, babu abin da na zuba sai kayan itatuwa." Gaskiya ta faɗa, kuma a cikin gaskiyar matsalar take. Ruwa ba ya tsami banza. Mu ma Allah ne ya taimake mu abin ya nuna kansa, domin kwalba na iya cika da ƙwayoyin cuta launinta bai sauya ba, turaren da aka zuba kuma ya rufe wari.

Lafiyayyar fata katanga ce, tana jure abu da yawa. Amma a duba waɗanda ake shafa wa mayukan nan: jariri mai ɗanyar cibiya, mai jego, budurwa mai ƙuraje a fuska, mai ciwon suga da rauninsa ba ya saurin warkewa, da wadda bilicin ya riga ya cinye mata kaurin fata. Ana kuma shafa su dab da ido. A 2023 a Amurka, wani maganin ɗigon ido da ake sayarwa a kwalbar buɗe-ka-rufe, ba tare da sinadarin hana lalacewa ba, ya gurɓata da ƙwayar Pseudomonas aeruginosa, kuma babu abin da zai tare ta a cikin kwalbar. Hukumar CDC ta ƙirga mutum 81 a jihohi 18: mutum 14 sun rasa gani, an cire wa 4 ƙwayar ido, 4 sun rasu. Wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A ruwa da jiƙaƙƙiyar ƙasa da bakin famfo take zaune, can da nan.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware, domin lalacewa iri biyu ce. Ta farko ta mai ce: iska da rana da zafi da tsatsar ƙarfe su tsufar da shi, ya yi wari, ya yi maƙaƙi. Bitamin E na jinkirta wannan. Ta biyu ta ruwa ce, aikin baktiriya da fumfuna da yis, kuma bitamin E ba ya tsinana komai a kanta. Zuma, da zarar an tsinka ta, ta koma abincinsu. Lemun tsami da man kanumfari da sauran mayukan ƙamshi ba su da ƙarfin da za a dogara da shi a adadin da fata za ta jure. Tafasa ruwa kuwa kamar sharar ɗaki ce, ta fitar da dattin yau, ba ta hana na gobe shigowa. Sinadarin hana lalacewa shi ne mai gadin da ke kwana a bakin ƙofa.

Kalmar kemikal ce ta firgita mutane, alhali gishiri da kanwa da ruwan toka duk kemikal ne. Sinadaran hana lalacewa irin su sodiyam benzowet da fotasiyam sobet muna shan su a lemon kwalba da kayan gwangwani, asalinsu ma akwai shi a wasu 'ya'yan itatuwa. Tun 1859 aka fara ciro sinadarin sobik daga 'ya'yan wata bishiya a Turai. Sharaɗinsu shi ne haɗin ya kasance mai ɗan tsami, ma'aunin pH wajen 5 ko ƙasa da haka, don a cikin abu mai kaifin kanwa ba sa aiki. Finoksi'itanol kuma, dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 1 cikin 100, giram 10 ke nan a kilo. Wannan aikin sikeli ne, cokali da "ɗan kaɗan" ba su shiga ciki. In ya gaza bai tsare ba, in ya zarce ya ƙona fata.

Tsoron ma yana da tarihinsa. A 2004 wani bincike a Ingila ya gano ɓurɓushin faraben, wani sinadarin hana lalacewa, a cikin ƙarin sankarar nono da aka ciro daga marasa lafiya. Binciken bai nuna shi ya haddasa cutar ba, amma labari ya bazu, kamfanoni suka yi ta gudunsa. Da yawa suka koma wani da ake kira MI, sai ga ƙaiƙayi da kumburin fata sun yawaita, har wata ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ware shi a matsayin mai jawo borin fata na shekarar 2013, Turai kuma ta hana sa shi a mayukan da ake bari a jiki daga 2017. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi faraben ɗin, a 2014 Turai ta haramta nau'i biyar, ta bar waɗanda aka fi bincika bisa ƙayyadadden adadi. Awo da gwaji ne suka raba gardamar, jita-jita kuwa asara kawai ta jawo.

Saboda haka hanya biyu ce a gaban ƙannenmu masu haɗa mai, kuma kowacce mai mutunci ce. Ta farko ita ce ta kaka: a bar ruwa a waje. A sayar da bugaggen man kaɗanya zalla ko gauraye da wasu mayuka, a sayar da sabulu a dunƙule, a sayar da kurkur da lalle a gari, a gaya wa mai saye ta kwaɓa na kwana ɗaya ta zubar da ragowar. Mai bin wannan hanya tana iya cewa ba ta sa sinadari ba, kuma ta faɗi gaskiya ba ta cuci kowa ba. Ta biyu ita ce ta mai son yin loshan: ta nemi ilimin, ta sayi sikelin giram da takardar auna pH, ta yi amfani da tataccen ruwa, ta goge kayan aiki da sifirit, ta zuba sinadarin da ya dace a adadinsa, ta zaɓi kwalba mai matsawa maimakon mai faɗin baki, ta yi kaɗan-kaɗan. Ko wace hanya aka bi, a rubuta ranar haɗawa da ranar ƙarewa da duk abin da ke ciki. Masu matse mayukan sitiroyid a ɓoye su kira abin oganik kuwa, su ji tsoron Allah. Sunan 'yan uwansu masu gaskiya suke ɓatawa.

Iyayenmu ma akwai ɗan gyara a nasu ɓangaren. Bandar da ke tsare kifi ɓata ƙwallon kaɗanya take yi, don hayaƙi na barin sinadaran da manyan masu saye ke ƙi. A shanya a kan tabarma ko dandamali, a ware wanda ya yi fumfuna, a guji tukunya mai tsatsa, kuma kada a kuskura a zuba mai a tsohuwar jarkar maganin feshi komai wankin da ta sha.

Sauran nauyin na masu iko da masu ilimi ne. Gwajin da duniya ta yarda da shi na kwana 28 ne: a zuba sanannun ƙwayoyin cuta a cikin man da gangan, a ga ko mai gadin zai ci ƙarfinsu. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma mace ɗaya a Wara ba za ta iya wannan a tsakar gidanta ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, da Jami'ar Aikin Gona ta Zuru, suna da ɗakunan gwaji da ɗaliban da ke neman abin bincike. Ga shi nan a ƙofarsu. Cibiyar NIFOR tana da reshen binciken kaɗanya a Bida. Ngaski na cikin ƙananan hukumomin da shirin Nigeria for Women na Bankin Duniya ya haɗa mata rukuni-rukuni, kuma irin waɗannan rukunai za su iya sayen sikeli da sinadari tare, su nemi rajista tare. NAFDAC ta zo da horo cikin Hausa kafin ta zo da kame. Hukumar HYPPADEC, da aka kafa domin al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, ta sa ɗakin haɗa kayan kwalliya mai tsafta cikin ayyukanta. Masarautar Yauri kuwa Allah ya ba ta Sarki masanin jami'a, Mai Martaba Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kiran da zai fito daga fada zai haɗa waɗannan hannuwa da sauri.

Mu masu saye, mu daina tilasta wa 'yan kasuwa yin ƙarya. Tambayar da ta dace ita ce: "Akwai ruwa a ciki? Me kika sa ya tsare shi? Yaushe aka haɗa?" In mai ya rabu, ko ya sauya wari ko launi, a zubar da shi; kuɗin asibiti ya fi kuɗin kwalba. Maza kuma su ɗaga gatari daga kan kaɗanya. Bishiyar da sai ta shekara 15 zuwa 20 take fara 'ya'ya, bai kamata ta ƙare a buhun gawayi cikin yini guda ba.

Tsohuwar da ta ce a bar mai sai ya yi shiru, haƙurin ƙarasa aiki take koya wa 'yarta. Jikokinta sun kai sana'ar inda ita ba ta kai ba, kuma sun cancanci duk yabon da aka yi musu. Saura su ƙarasa: su auna, su gwada, su rubuta gaskiya a jikin kwalba. Ranar da man da aka haɗa a Yelwa ko Wara zai isa Kano da Legas, ya cika wa'adin da aka rubuta masa, uwa ta shafa wa jaririnta hankali kwance, ranar za a ce 'ya ta gaji uwarta. Allah ya nuna mana, ya ba su kasuwa mai albarka.